Idan yaƙi ya ɓarke, wa kuɗin kirifto ke ceta?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman masana su warware mini wata muhawara da ta daɗe tana raba kan matasan majalisarmu, kuma ina roƙon kada a mayar da zancen na hasashen farashi ko neman riba, domin ba wannan ne ya dame ni ba. Wani ɓangare yana cewa Bitcoin da ire-irensa, wato kuɗin intanet da ake kira kirifto, kuɗi ne da ba su da shugaba, babu gwamnatin da za ta iya ƙwace su ko rufe asusun mai su, kuma hujjarsu ita ce abin da ya faru a Yukiren a 2022, lokacin da gwamnatin ƙasar da kanta ta wallafa adireshin walet, wato asusun ajiyar kirifto, tana neman gudunmawa daga duniya. Ɗaya ɓangaren kuma yana cewa duk wannan talla ce, tunda a watan Maris na 2025 kamfanin Tether ya daskarar da USDT, kirifton da yake bugawa mai bin darajar dala, na kusan dala miliyan 27 mallakar dandalin musayar Garantex na Rasha, har dandalin ya dakatar da aiki. Idan kamfani ɗaya zai iya yin haka, ina maganar rashin shugaba take?

Tambayoyina biyu ne. Na farko, a cikin waɗannan kayan aiki wanne ne da gaske babu mai iko da shi, wanne ne kuma sunan kawai ya ara? Na biyu, wanda ya fi nauyi a zuciyata, idan aka fara harbe-harbe wa ya fi cin moriyarsu: talakan da ke gudun hijira da iyalinsa, gwamnatin da ke neman kauce wa takunkumi, ko ɓarayin da ke sayen makamai da abin da suka sato? Ina so in san ko mutumin da ke ƙin yaƙi yana da dalilin goyon bayan waɗannan abubuwa.

Injiniya Abu Maryam ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Fagge. Ɓangarorin biyu kowa ya faɗi gaskiya, sai dai ba a kan abu ɗaya suke magana ba, domin abin da jama'a ke tarawa su kira kirifto hawa-hawa ne, kuma ikon gwamnati a kansu ba ɗaya ba ne.

Bitcoin, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2009, ba shi da ofis ko manajan da za a aika wa takardar kotu. Kundin cinikinsa yana ajiye ne a kan dubban kwamfutoci a ƙasashe daban-daban, kuma duk wanda ke riƙe da mabuɗin sirri na wani adireshi shi kaɗai ke iya motsa abin da ke ciki. A aikace, idan ka buɗe walet wadda kai ke riƙe da mabuɗinta, manhajar za ta nuna maka kalmomi 12 ko 24 a jere, ta umarce ka ka rubuta su da biro a takarda, kada ka ɗauki hotonsu, kada ka tura wa kowa. Wayar za ta iya faɗawa kogi ko a ƙwace ta a shingen bincike, amma muddin kalmomin nan suna tare da kai a jerinsu, kana sauka wata ƙasa ka samu sabuwar waya ka shigar da su, kuɗinka su bayyana. Idan kuwa takardar ta ɓace kuma ba ka haddace su ba, babu wani mahaluƙi da zai iya dawo maka da ko sisi.

USDT da USDC daban suke. Kamfani ne ke buga su, yana cewa kowane ɗaya akwai dala ko kadara mai darajar dala da ke tsaye masa a ajiye, kuma a cikin manhajar da ke tafiyar da su an saka wa kamfanin ikon daskarar da kowane adireshi. Ko da walet ɗin taka ce, mabuɗin yana aljihunka, kamfanin zai iya hana USDT ɗin motsi. Abin da ya sami Garantex ke nan, wanda dama Amurka ta saka wa takunkumi tun watan Afrilun 2022. Dandalan musaya irin su Binance kuwa kamfanoni ne kamar bankuna, suna karɓar katin shaida, suna riƙe mabuɗin a madadinka, suna bin umarnin hukumomi. Mu a Najeriya mun gani a 2024, lokacin da aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja, kamfanin kuma ya rufe hada-hadar naira.

Game da Yukiren, ga yadda abin ya gudana. A ranar 24 ga Fabrairu 2022, ranar da Rasha ta kai farmaki, Babban Bankin ƙasar ya taƙaita cire tsabar kuɗi zuwa hiribniya 100,000 a rana, ya kuma hana cire kuɗin waje. Bayan kwana biyu gwamnati ta wallafa adireshin Bitcoin da na Ethereum, wani tsarin kirifto na daban, a Twitter, kuma cikin 'yan makonni gudunmawar ta haura dala miliyan 50, aka sayi rigunan sulke, hulunan kwano, abinci, magunguna da jirage marasa matuƙi. A daidai lokacin ne dandalin tara gudunmawa na Patreon ya rufe shafin Come Back Alive, ƙungiyar da ke tallafa wa sojojin Yukiren, saboda dokarsa ta hana tara kuɗi domin harkar soja, sai masu bayarwa suka karkata zuwa kirifto. Amfanin a nan sauri ne, domin kuɗin na isa cikin mintuna ko da ranar hutu ce, ba tare da jiran bankuna uku su amince ba.

Sai dai akwai abin da matasan majalisarku ba sa faɗa. Ministan da ya jagoranci wannan kamfe, Mykhailo Fedorov, shi ne kuma ya roƙi manyan dandalan musaya su rufe asusun duk 'yan Rasha, har da waɗanda ba su da hannu a yaƙin. Binance da Kraken suka ƙi yin kuɗin goro sai idan doka ta tilasta musu, daga baya kuma a watan Oktoba Tarayyar Turai ta haramta wa kamfanoninta ba 'yan Rasha hidimar walet baki ɗaya. Sannan a watan Afrilun shekarar Babban Bankin Yukiren ya hana 'yan ƙasarsa sayen kirifto da hiribniya, don kada jari ya tsere daga ƙasar. Gwamnatin da ta karɓi kirifto hannu bibbiyu lokacin da yake shigowa, ita ce ta toshe ƙofa lokacin da ta ga zai fita da kuɗi.

Dattijo Tsohon Ma'aikacin Banki ya amsa:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa a kan na'ura, ni kuma zan yi magana a kan kuɗi, domin a nan ne nake ganin yaranmu ke ruɗuwa. Kuɗi makami ne tun kafin a ƙirƙiro intanet, kuma ba sai mun je Turai neman misali ba. A watan Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin tarayya ta canza takardun fam na Najeriya cikin ƙanƙanin lokaci, a sa'ilin da Cif Obafemi Awolowo ke riƙe da ma'aikatar kuɗi, sai tarin takardun da ke hannun Biyafara suka zama ba su da amfani wajen sayen makamai ko abinci daga waje. Biyafara ta buga nata kuɗin, amma babu wata kasuwa a duniya da ke karɓarsa. Matakin ya raunana sojojinta, ya kuma ƙara wa mata da yara yunwa, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. A zamaninmu kuma, bayan Taliban sun karɓi Kabul a watan Agustan 2021, Amurka ta riƙe kimanin dala biliyan 7 na Babban Bankin Afganistan da ke ajiye a New York. Bayan wata shida aka yi wa Rasha irin wannan, aka daskarar da kimanin dala biliyan 300 na ajiyarta ta waje, mafi yawa a Beljiyam, aka kuma cire wasu bankunanta daga SWIFT, tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi ta cikinsa.

Yanzu ɗana Ɗan Fagge ka jera alƙaluman nan gefe da gefe. Miliyan 50 ko ma ninkinta da aka tara wa Yukiren da kirifto, ka kwatanta da dubban miliyoyin daloli da gwamnatocin Amurka da Turai suka ba ta ta hanyar bankuna. Ka kuma duba Rasha, wadda kayan da ta sayar a waje a 2022 suka haura dala biliyan 500. Ƙasa mai irin wannan ciniki ba za ta iya cusa kuɗin man fetur da iskar gas ɗinta ta ƙofar kirifto ba tare da duniya ta gani ba, shi ya sa ta koma ga yuwan na Sin, rupi na Indiya, dirhami na Daular Larabawa, da tsofaffin jiragen dakon mai masu ɓoye tafiyarsu. Gaskiya ne a watan Agustan 2024 Putin ya sa hannu a dokar da ta halatta haƙar kirifto, wato samar da sabo da kwamfutoci, da gwajin biyan kuɗin cinikin waje da shi, kuma ministan kuɗinsa Anton Siluanov ya tabbatar a ƙarshen shekarar cewa wasu kamfanoni sun fara amfani da Bitcoin, amma wannan toshe ƙananan ramuka ne, ba shi ne ke ciyar da yaƙin ba.

Akwai masu cewa da duniya za ta koma kan kuɗin da ba a iya ƙara bugawa, irin Bitcoin da aka ƙayyade a miliyan 21, da yaƙe-yaƙe sun ragu, tunda gwamnatoci da injin buga kuɗi suke biyan sojoji. Ina girmama niyyarsu, amma tarihi bai goyi bayansu ba. A 1914 manyan ƙasashen Turai suna kan ma'aunin zinare ne, kuma da yaƙi ya tashi cikin 'yan kwanaki suka jingine shi. A 1971 Shugaba Nixon ya yanke alaƙar dala da zinare alhali Amurka na ɗauke da nauyin yaƙin Biyetnam. Gwamnatin da ke da ikon tilasta wa saurayi ɗaukar bindiga tana da ikon tilasta masa karɓar takardarta, ta ɗora haraji, ta ci bashi, ta ƙwace kadara. Ra'ayina shi ne kirifto zai iya taimakon mutum ɗaya ko gida ɗaya, amma ba ya hana yaƙi kuma ba ya cin yaƙi.

Ummu Hafsa ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so in ƙara da abin da ya shafi dangina da ke Sudan, domin kamar yadda aka sani Hausawa suna da yawa a can, a Mai Wurno, Gadarif, Kassala da Wad Madani. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023, rassan bankuna da dama a Kartum suka rufe ko aka wawashe su, kuma abin da ya riƙe mutane shi ne manhajar Bankak ta Bankin Kartum, wadda banki ne sukutum ke tafiyar da ita. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, waɗanda ke yaƙi da sojojin gwamnati, a watan Disambar 2023, 'yan'uwanmu suka gudu gabas, mu kuma muka riƙa haɗa musu ɗan abin da ya samu. Hanyar ita ce a sayi USDT da naira, a tura wa wani ɗan canji, shi kuma ya zuba fam na Sudan a asusun Bankak na ɗaya daga cikinsu. Daga nan sai a nemi mai shago da ke da tsabar kuɗi, a tura masa ta waya, ya cire kasonsa mai tsoka, ya miƙo ragowar a ƙirga a gabansa. Kirifton ya yi aiki a tsakiyar tafiyar, ba zan musa ba, domin ya tsallake iyakokin da banki ba ya iya tsallakewa a lokacin, amma farkon tafiyar da ƙarshenta duk a hannun mutane da bankuna suke.

A watan Fabrairun 2024 aka katse layukan waya da intanet a kusan duk faɗin ƙasar, kuma a makonnin nan babu manhajar da ta yi wa kowa amfani. Mutane sai su yi tafiya mai nisa zuwa wurin mai na'urar Starlink mai kama intanet ta tauraron ɗan'adam, su biya kuɗin awa ɗaya, su tsaya a layi don kawai su ga ko saƙo ya shigo. Sannan a watan Disambar 2024 gwamnati ta fara canza takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da sojoji ke riƙe da su, dakarun RSF kuma suka haramta sabon kuɗin a yankunansu, wato abin da Baba ya ba da labari na 1968 ya sake faruwa a idonmu. Matar da ba ta da babbar waya, ba ta iya karatu, kuma ba ta da inda za ta yi caji, ba ta cikin wannan lissafi na kalmomi 12, alhali irinta ne suka fi yawa a sansanonin gudun hijira.

Malam Na Damagaram ya amsa:

Ina goyon bayan Hajiya. Mu a Nijar ba yaƙi aka yi ba, amma mun ɗanɗani takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. An rufe iyakoki, BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ya daskarar da kadarorin gwamnati, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai iya cirewa, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da yawancin ƙasar ta dogara da ita, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage. Abin da ya ceci kasuwa shi ne amana tsakanin 'yan kasuwar Maraɗi, Damagaram, Katsina da Kano, da kamfanonin aika kuɗi na cikin gida. Wasu matasa sun yi amfani da USDT wajen biyan kaya a waje, kuma ya yi musu rana. Zan kuma tuna wa mai tambaya cewa malamai sun saɓa a kan hukuncin abin, domin Muftin Masar ya haramta cinikin Bitcoin a farkon 2018, majalisar malaman Indonesiya ta hana amfani da kirifto a matsayin kuɗi a 2021, wasu malaman kuma sun halatta da sharuɗɗa.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. Tambayata ta farko ta samu amsa. Saura ɓangaren ɓarayi. Injiniya, idan kundin Bitcoin da na Ethereum a buɗe suke kowa na gani, ta yaya Koriya ta Arewa ke wanke abin da take sata? Kuma masu rubuta manhajar ɓoye sawu, irin su Tornado Cash, shin suna da alhaki a kan abin da aka aikata da ita?

Injiniya Abu Maryam ya amsa:

Buɗaɗɗen kundin nan shi ne babban raunin kirifto ga mai son ɓuya, domin kamfanoni irin su Chainalysis da Elliptic sana'arsu ke nan, bin sawun kuɗi daga adireshi zuwa adireshi har ya isa dandalin da ke riƙe da katin shaidar mai shi. Saboda haka ne reshen soja na Hamas ya sanar a watan Afrilun 2023 cewa ya daina karɓar gudunmawar Bitcoin, don kare masu bayarwa daga bibiya. Tornado Cash, wadda aka ƙaddamar a kan Ethereum a 2019, an gina ta ne don yanke wannan sawu. Ka ɗauka kamar tukunyar adashi ce da kowa ke jefa takardar kuɗi iri ɗaya ya karɓi shaida ta sirri, daga baya ya zo ta wata ƙofa ya nuna shaidar ya ɗauki takarda ɗaya, ba tare da an gane wacce ce tasa ba. A 2020 waɗanda suka rubuta ta suka yi watsi da ikonsu na canza ta, wato ko su ba za su iya kashe ta ba.

A watan Maris na 2022 masu kutse na ƙungiyar Lazarus ta Koriya ta Arewa suka sace fiye da dala miliyan 600 daga Ronin, tsarin kirifto na wani wasan intanet, suka bi da kaso mai yawa ta wannan manhaja. A ranar 8 ga Agusta Ma'aikatar Baitulmalin Amurka ta saka mata takunkumi, tana cewa an wanke sama da dala biliyan 7 ta cikinta tun kafuwarta. Bayan kwana biyu aka kama ɗaya daga cikin masu rubuta ta, Alexey Pertsev, a Holan, kuma a watan Mayun 2024 aka yanke masa ɗaurin shekara 5 da wata 4. A Nuwamban shekarar wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce ma'aikatar ta wuce gona da iri, domin manhajar da ba mai iya canza ta ba dukiyar kowa ba ce da za a saka wa takunkumi, aka kuma janye shi a Maris na 2025. Duk da haka a Agustan 2025 masu taya alƙali hukunci a New York sun sami abokin aikin Pertsev, Roman Storm, da laifin haɗa baki wajen gudanar da harkar aika kuɗi ba da lasisi ba, suka kasa cimma matsaya a kan tuhumar halatta kuɗin haram.

Ni dai ina ganin ɗaure mai rubuta manhaja zalunci ne, kuma dalilina yaƙin nan ne da kansa. Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Ethereum kuma haifaffen Rasha, ya bayyana cewa ya yi amfani da Tornado Cash wajen ba Yukiren gudunmawa don kare masu karɓa. Ka kuma tuna da Ksenia Karelina, wadda kotun Rasha ta yanke wa ɗaurin shekara 12 a 2024 bisa cin amanar ƙasa, saboda ta ba wata ƙungiyar agajin Yukiren kimanin dala 51. A ƙasar da sadaka ke kai mutum kurkuku, ɓoye sawun kuɗi kare rai ne.

Dattijo Tsohon Ma'aikacin Banki ya amsa:

A nan muka rabu, Injiniya. Ban musa haƙƙin mai sadaka na ɓoye kansa ba, amma ka auna girman abin da ke wucewa ta kowace ƙofa. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun sha bayar da rahoto cewa kuɗin da Koriya ta Arewa ke sata ta intanet yana tafiya ne ga shirinta na makamai masu linzami da na nukiliya, kuma a watan Fabrairun 2025 kaɗai hukumar FBI ta ɗora mata alhakin satar kimanin dala biliyan 1.5 daga dandalin Bybit, adadin da ya ninka duk abin da aka tara wa Yukiren da kirifto sau da yawa. Wanda ya gina abu da gangan ta yadda ko shi ba zai iya tsayar da shi ba, alhali ya san irin mutanen da za su yi tururuwa zuwa gare shi, bai kamata ya ce babu ruwansa ba. A banki, idan ma'aikaci ya ga kuɗin da ke da alamar tambaya ya kawar da kai, doka ba ta karɓar uzurinsa na cewa shi na'ura kawai yake dannawa. Ko hukuncin da aka yi wa Pertsev ya yi tsauri, wannan ana iya tattaunawa, amma cewa ba shi da alhaki ko kaɗan ban yarda da shi ba, kuma ina so Hajiya Ummu Hafsa ta faɗa mana ra'ayinta, tunda ita ce a cikinmu da danginta ke ƙarƙashin luguden wuta.